Sustanon 250: Maganin Asibiti a Hannun 'Yan Ɗaga Ƙarfe

Duk inda matasa ke ɗaga ƙarfe, ko a ɗakin motsa jiki na kuɗi mai na'urar sanyi, ko a bayan layi inda aka cika gwangwanin fenti biyu da siminti aka soka musu bututu, za ka ji ana raɗa sunan allurar nan. Sustanon 250 ba haɗin bakin tasha ba ce. Magani ne na gaske, kamfanin Organon na ƙasar Holan ya fara yin sa, yanzu kuma a ƙasashe da dama kamfanin Aspen ke fitar da shi. An yi shi ne domin namijin da jikinsa ya kasa samar da isasshen sinadarin maza, wato testosteron. Ga wannan mutum, magani ne mai kyau. Ga lafiyayyen saurayi mai neman faɗin ƙirji kuwa, ba mu ga dalilin da zai sa mu yaba masa shi ba.

Asalin kayan yana zuwa ne mililita ɗaya-ɗaya, ruwan mai ne garau mai ɗan rawaya-rawaya, ba gauraya ba ƙura a ƙasa. A cikin mililita ɗayan akwai testosteron iri huɗu: propionate miligiram 30, phenylpropionate 60, isocaproate 60, decanoate 100. Su ne suka haɗu suka ba da 250 ɗin da ke jikin sunan. Duk abu ɗaya ne idan sun shiga jini, bambancinsu saurin narkewa daga cikin tsoka. Na farkon yana fara aiki da wuri ya ƙare da wuri, na ƙarshen yana ɗaukar makonni yana tsiyaya a hankali. Idan aka cire nauyin abin da aka liƙa musu don rage saurin, zallar testosteron da ke ciki miligiram 176 ne. Man da aka narka shi a ciki kuwa man gyaɗa ne da aka tace. Don haka duk wanda gyaɗa ko waken suya ke tayar wa jiki, takardar maganin da kanta ta hana a yi masa. Masu sayarwa a ɓoye ba sa tambayar wannan, yawancinsu ma ba su san da shi ba.

Likita kan rubuta allura ɗaya duk mako uku. Jikin lafiyayyen namiji yana samar da wajen miligiram 5 zuwa 7 a kowace rana, ka ga 176 a kwana 21, wato wajen 8 a rana, ya zo kusa da abin da jiki ya saba. Masu neman ƙwanji suna ninka wannan sau da yawa, suna haɗa shi da Deca-Durabolin, wata allurar ƙara tsoka, ko ƙwayoyin haɗiya, daga nan lissafin ke rushewa.

Ba za mu ce ba ya aiki ba, domin yana yi, kuma wanda ya ce wa saurayi ƙarya ce to ya rasa kunnensa ke nan. A 1996 wani bincike da Shalender Bhasin ya jagoranta a Amurka ya raba maza 43 gida huɗu na mako goma. Waɗanda suka ɗaga ƙarfe kawai sun ƙara kusan kilo 2 na nama marar kitse. Waɗanda aka yi wa allurar testosteron mai yawa suna zaune ba motsi sun ƙara fiye da kilo 3. Waɗanda suka haɗa biyun sun ƙara kilo 6. Abin da ake gani a madubi ke nan, shi ne kuma abin da mai talla zai nuna maka a waya. Sauran lissafin ba a madubi yake ba.

Babbar illarsa, wadda ya kamata a faɗa wa kowane saurayi kafin a karɓi kuɗinsa, ita ce haihuwa. Ƙwaƙwalwa ce ke aika wa maraina saƙo da sinadarai biyu, LH da FSH, cewa su yi testosteron su kuma yi ƙwayoyin maniyyi. Da zarar ta ga jini ya cika da testosteron daga waje, sai ta ɗauka an ƙoshi, ta daina aika saƙon. Maraina su zauna ba aiki, su yi laushi, su ƙanƙance. Abin da mutane ba su gane ba shi ne, ƙwayoyin haihuwa suna bukatar testosteron ɗin da ake yi a cikin marainan kansu, wanda yawansa ya ninka na jini sau da dama, kuma allura ba ta iya cike wannan gurbin. Sai ka ga mutum damtse kamar turmi, sha'awa ta ƙaru, yana fitar da ruwa kamar kullum, amma idan aka duba a madubin gwaji ba ƙwaya ko ɗaya. Wannan ba zato ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada allurar testosteron a matsayin maganin tsarin iyali na maza, sakamakon ya fito a 1990, kuma kusan kashi biyu cikin uku na mazan ƙwayoyinsu sun ƙare ƙaf cikin wata shida. A ƙasar da idan aure ya shekara biyu shiru ake fara kallon amarya, ana kai ta wajen mai magani ana ɗura mata jiƙe-jiƙe, wannan zalunci ne ango ya ɓoye abin da yake soka wa kansa. Yawancin maza ƙwayoyinsu na dawowa bayan sun daina, amma a hankali. Ƙwaya ɗaya tana ɗaukar wajen kwana 74 kafin ta nuna, ƙwaƙwalwa kuma ba ta farfaɗowa dare ɗaya. Wata shida zuwa shekara ba abin mamaki ba ne, wanda ya daɗe yana yi kuwa yana iya wuce haka, wasu ba sa komawa yadda suke.

Lokacin dainawar shi ne tarko. Testosteron na waje ya ƙare, na jiki bai dawo ba. Gaba ta kwanta, kasala ta rufe mutum, zuciya ta ƙuntata, naman da aka tara yana zubewa yana kallo. Mafi sauƙin abin yi a ranar shi ne a koma wa allurar, shi ya sa masu bincike suka ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin uku na masu amfani da irin waɗannan magunguna ba sa iya rabuwa da su.

Sai zuciya da jini. Testosteron yana zuga ɓargo ya yi ta ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Gwajin PCV da ake yi a kowane ƙaramin asibiti shi ke nuna wannan. A asibiti idan ya wuce kashi 54 ana dakatar da allurar, domin jini ya yi kauri, yana iya daskarewa a jijiyar ƙafa, ko huhu, ko ƙwaƙwalwa. Ka ɗora wannan a kan zafin watan Afrilu, mutum yana zuba gumi a ƙarƙashin rufin kwano, wataƙila ma da azumi a bakinsa. Hawan jini yana biyowa saboda jiki na riƙe gishiri da ruwa, kitsen jini mai amfani yana sauka, marar amfani yana iya hawa. Naman zuciya kansa yana kauri ya rage ƙarfin bugu. Wani bincike na 2017 a Amurka da ya auna zukatan 'yan ɗaga ƙarfe 140 ya samu cewa masu amfani da irin waɗannan allurai zuciyarsu na tura kashi 52 na jinin da ke cikinta a kowane bugu, waɗanda ba sa amfani kuwa kashi 63. A Denmak an bi diddigin maza 545 da aka kama da su a ɗakunan motsa jiki, aka ga mutuwa a cikinsu ta ninka ta sa'o'insu sau uku. Matasa ne, kuma a ido sun fi kowa lafiya.

Ƙananan illolin su ne ake fara gani: ƙuraje manya a baya da kafaɗa, maiƙon fuska, sanƙo ga wanda ya gada, saurin fushi, minshari. Jiki yana juya wani kaso na testosteron zuwa sinadarin mata, sai kan nono ya fara ƙaiƙayi da zafi, a ji wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa a ƙarƙashinsa. Idan ya daɗe ya yi tauri, sai tiyata. Tsoka kuma tana girma fiye da saurin jijiyar da ke ɗaure ta da ƙashi, shi ya sa ake samun tsinkewar jijiyar ƙirji ko ta damtse a tsakiyar ɗagawa. Yaron da bai gama tsawo ba kuwa, allurar na iya rufe bakin ƙasusuwansa ya tsaya inda yake. Mace ba ta da hurumi a nan ko kaɗan: kaurin murya ba ya komawa, mai ciki kuma yana iya taɓa halittar abin da ke cikinta.

A nan ya kamata a raba shi da ƙwayoyin ƙiba da 'yan mata da samari ke saye a kemis, irin su dexamethasone. Su ma, kamar Sustanon, ana kiran su sitirod, amma gidansu daban. Waɗancan kumbura fuska da ciki suke yi, su cinye tsoka, su tayar da suga. Ba ƙwanji a cikinsu.

Duk abin da aka faɗa a sama game da kayan asali ne. Abin da ke yawo a jakar koci ko a shafin Instagram wani labari ne. Idan aka miƙo maka kwalba mai mililita goma da murfin roba, an rubuta Sustanon da hoton damisa ko ƙaton damtse, wannan ba daga kamfanin ya fito ba, an dafa shi ne a wani ɗaki da babu mai duba shi. Yana iya zama rabin abin da aka rubuta, ko wani sinadarin daban, ko zallar mai. Abin dubawa: lambar NAFDAC a kwali, lambar rukuni da ranar lalacewa su zo iri ɗaya a kwali da jikin kwalba, takardar bayani a ciki. Ko hakan ba tabbaci ba ne, masu jabu sun iya bugu. Kamfanin ya ce a ajiye shi ƙasa da digiri 30, nesa da haske, ba a firiji ba. Kwalbar da ta wuni a but ɗin babur a Sakkwato ko Maiduguri ta riga ta saɓa wannan sharaɗi.

Wajen yin allurar ma akwai aiki. Mai ne mai kauri, ana kai shi can cikin tsoka. Abokin da ya koya a bidiyo yakan yi kuskure uku. Ya soka a tsakiyar ɗuwawu ko ƙasa-ƙasa inda babbar jijiyar ƙafa ta ratsa, mutum ya tashi da ƙafa tana ja. Ya tsaya a cikin kitse bai kai tsoka ba, man ya taru ya zama ƙurji, wurin ya yi ja ya yi zafi, zazzaɓi ya rufe, a ƙarshe sai an tsaga an matse mugunya kofi guda. Ko ya dace da jijiyar jini, man ya tafi huhu, nan take tari ya sarƙe mutum da gumi da ƙuncin ƙirji. Idan kuma mutum uku suna zuƙa daga kwalba ɗaya da sirinji ɗaya, to an buɗe wa ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau ƙofa.

Ɗan wasa mai burin gasa ya sani cewa hukumar WADA, mai yaƙi da magungunan ƙara kuzari a wasannin duniya, ta hana testosteron a kowane lokaci, da gasa da ba gasa, kuma hukuncinsa kan kai shekara huɗu. Cewa jiki ma yana yin sa ba ya ceton kowa, akwai gwajin da ke bambance na jiki da na kwalba. Da shi aka ƙwace wa Floyd Landis kambin tseren keken Faransa na 2006.

Wanda allurar ta dace da shi ba a gane shi da ido ko da kokawar rashin ƙarfin gaba kawai, domin suga da hawan jini da ƙiba da damuwa sun fi yawan kawo wannan. Ana ɗibar jini da safe, kafin ƙarfe goma, a ranaku biyu daban, a auna testosteron tare da LH da FSH. Idan an tabbatar ya yi ƙasa, a duba PCV, mai shekaru kuma a yi masa gwajin PSA, wato na duba furostet, ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar namiji, tunda mai ciwon daji na furostet ba a yi masa allurar. Mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, ko allurar insulin ya faɗa wa likita, domin sai an sake auna masa su. Mai neman haihuwa kuwa ko testosteron ɗinsa ya yi ƙasa ba wannan ake ba shi ba, akwai wasu magungunan da ke tayar da marainan maimakon kashe su.

Wanda ya riga ya fara, kada ya ƙara wasu ƙwayoyin da aka ce suna gyara ɓarna ba tare da gwaji ba. Ya ɗauki kwalbar ko kwalinta ya je sashen mafitsara ko na sinadaran jiki a asibitin koyarwa, kamar na Aminu Kano ko na Shika, ya faɗi gaskiyar wata nawa ya yi da kuma abin da ya haɗa da shi. A auna masa hawan jini, PCV, kitsen jini, hanta da ƙoda, sannan maniyyi bayan wata uku da allurar ƙarshe. Idan akwai ciwon ƙirji, haki a kwance, kumburin ƙafa ɗaya, ko tunanin kashe kai bayan dainawa, wannan na sashen gaggawa ne a ranar, ba sai ranar asibiti ta zagayo ba.