Galaxy Tab S6 Lite da alƙalaminsa: don rubutu dai ya yi, sauran kuma sai a hankali

Masu tambaya ta ko wannan tab ɗin zai iya maye gurbin littafin rubutu da biro, amsa ita ce eh zai iya, amma da sharaɗi. Samsung sun fito da shi tun 2020, suka sake sabunta shi a 2022 da 2024, jikin dai kusan ɗaya ne, allo inci 10.4, kuma alƙalamin S Pen yana cikin kwalin, ba sai ka sake siya daban ba kamar yadda ake yi da Apple Pencil a ɓangaren iPad.

Alƙalamin nan shi ne komai wallahi. Ba ya da batir, ba a cajinsa kwata-kwata, fasahar kamfanin Wacom ce a ciki, allon ne da kansa yake ba shi ɗan ƙarfin da yake buƙata idan ya matso kusa, shi ya sa ko wata nawa ka ajiye shi ka ɗauko zai yi rubutu nan take. Wanda ya taɓa zama ana tsaka da lakca ko mitin alƙalaminsa ya ce caji ya ƙare shi zai gane abin da nake faɗa. Bakinsa kuma mai ɗan laushi ne, yana ɗan kama gilashin, babu wannan ƙwas-ƙwas ɗin da alƙalami mai taurin baki yake yi da zai sa na kusa da kai ya riƙa waiwayowa. Yana gane nauyin hannu har mataki 4,096, ka danna layi ya yi kauri ka sassauta ya sirance, ga mai zane wannan babban abu ne, ga mai rubutu kawai kuwa gaskiya ba wani damuwa zai yi da shi ba, ni dai na fi son layin da ba ya canzawa. Za ka iya kwantar da tafin hannunka a kan allon kana rubutu ba tare da ya zana maka shirme ba. Akwai ɗan maɓalli a jikinsa, ka danne shi a cikin manhajar rubutu ta Samsung Notes sai ya koma abin gogewa, da farko yatsa zai riƙa taɓa shi ba da niyya ba har ka saba da riƙon.

Samsung Notes ɗin kyauta ce kuma ta wadatar. Ka shigo da PDF ka yi rubutu a kai, ka ja layi, ka saka launi, ka zagaye sakin layi guda ka ɗaga shi zuwa wani shafin ko ka rage masa girma in wuri ya ƙure maka, wannan fa takarda ba za ta taɓa yi maka ba. Abin da ya fi burge ni shi ne naɗar murya, kana rubutu tana ɗaukar maganar mai magana, daga baya idan ka kunna sai ta riƙa nuna maka abin da ka rubuta a daidai wannan lokacin, don haka in ka ga ka rubuta rabin jimla ka rasa me kake nufi sai ka koma ka ji da kunnenka. Amma a nemi izini kafin a naɗi muryar mutane don Allah.

Maganar mayar da rubutun hannu ya koma na bugawa kuwa kar ka ɗora rai sosai. Da Turanci tana ƙoƙari in rubutunka mai kyau ne, da Hausa kuma ƙ da ɗ da ɓ sai dai ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana gyarawa, har gara ka bar shi a rubutun hannunka. Kuma tab ba ya gyara mummunan rubutu, mai rubutun kaza a takarda mai rubutun kaza ne a gilashi, ƙila ma ya ɗan fi muni a kwanakin farko saboda santsi. Dabarar ita ce ka zuƙo shafin ya yi girma ka rubuta manya-manya, in ka mayar sai ya fito tsaf. Wasu suna manna leda mai ɗan kaushi a allon don ya yi kama da takarda, tana taimakawa ƙwarai, sai dai tana cinye bakin alƙalami da wuri kuma tana ɗan dusashe hoto, kowa ya zaɓi wanda zai iya haƙuri da shi.

Inda ya gaza a fili yake. RAM ɗinsa 4GB ne, ka buɗe katon PDF ga burauza mai shafuka da yawa ga bidiyo a gefe, zai fara jan ƙafa. Allon 60Hz ne, wato sau 60 yake sabunta hoto a daƙiƙa, idan ka yi rubutu da sauri ka kura ido za ka ga tawadar tana ɗan bin bayan alƙalamin, ba ya hana aiki amma wanda ya saba da allon 120Hz na iPad Pro ko manyan Tab S zai lura nan da nan. Batirin 7,040mAh yana kai mutum yini in rubutu da karatu ne, cajin ne dai 15W, sai ka jona shi ka manta da shi tukuna. Maganaɗisun da yake riƙe alƙalamin a gefe kuma ba abin dogaro ba ne a cikin jaka, a nemi murfi mai wurin saka alƙalami.

Sai fitinar da babu ruwan na'urar: littafi ba ya turo maka saƙon WhatsApp kana tsakiyar karatu, wannan kuwa yana yi. Wanda ya san zuciyarsa ba ta da ƙarfi a nan ya duba irin reMarkable 2 ko Kindle Scribe masu allo kamar takarda, ba sa gajiyar da ido kuma cajinsu na kai makonni, amma fa kusan karatu da rubutu kaɗai suka iya.

Ɗalibi, malami, mai yawan zama mitin, duk wanda aikinsa PDF ne da rubutu, na ce ya ɗauka, in da hali mai 128GB, ko ya ƙara memori tunda akwai wurin sakawa. Mai neman abin gyara bidiyo ko manyan gem ya ƙara gaba. Kuma ranar farko a kunna ajiya ta intanet, don in tab ya faɗi ya fashe ko aka ɗauke shi, rubutun shekara guda ne zai tafi lokaci ɗaya.