Ozon da turare ko a cire kafet? Ga abin da na gani a motata

Wa alaikumus salam Malam. Kan Accord ɗinka da ta kama warin rima tun ruwan Agusta, ko ka biya masu injin ozon (injin da ke hura wata iska mai kashe wari a cikin mota) da turare ko ka sa a cire kafet, ni dai shawarata a cire kafet ɗin kawai. Na gwada duka biyun a Camry ɗina 2008, wadda ake ce wa Muscle, kuma ɗaya ne ya raba ni da warin.

Bari in fara da turare da ozon tunda zancensu ba tsawo. Na sayi na feshi, na sayi na maƙalawa a bakin AC, daga baya na biya aka kunna min injin ozon a wajen wankin mota. Turaren haɗuwa ya yi da warin, in motar ta sha rana ka buɗe ƙofa sai kanka ya sara. Ozon ɗin kuwa ya ɗauke warin kwana kamar goma, ruwa na sake sauka ya dawo yadda yake. In zan yi masa adalci yana da ɗan amfani a ƙarshe, bayan mota ta bushe sarai, ya kwashe ragowar warin da ya shige rufi da soson kujera, amma ba a kunna shi da mutum a ciki don yana cutar da huhu, kuma in aka yawaita yana lalata roba. Iyakarsa kenan.

Abin da ya sa na tashi tsaye, ƙaramar 'yata tana da asma, kuma duk safiyar da na kai su makaranta kafin mu isa ta fara tari. Maman su ce ta fara lura cewa in a Keke suka tafi ba ta yi. Toh sai wani abokin aikina ya haɗa ni da wani dattijo mai gyaran AC, Allah ya saka masa da alheri duk inda yake. Wallahi ko bonet bai buɗe ba. Ya zagaya gefen mai zaman banza ya dafa kafet, ni ma na dafa na ce masa Baba ai a bushe yake, ya ce in tsaya, ya cire robar bakin ƙofa ya ɗaga kafet ɗin ya matsa soson da ke ƙasa, sai ga ruwa yana tsiyaya ta tsakanin yatsunsa, baƙi, ga fumfuna fari-fari ta bi jikin soson. Wata nawa ina zuba turare a sama ashe ƙasa tafki ne.

Yadda ya yi min bayani, AC in yana aiki yana tara ruwa a cikin dashbod, kamar yadda gorar ruwan sanyi ke yin gumi, kuma akwai wani ɗan siririn tiyo na roba da ke fitar da ruwan nan ƙasan mota, shi ne ɗigon da kake gani in ka yi fakin da AC a kunne. In ƙura da datti suka toshe tiyon ruwan ba shi da hanya sai ya koma ciki ya sauka kan kafet, saman kafet ya bushe da iska, soson ƙasa ya riƙe ruwan. Fumfuna kuma ba ta buƙatar dogon lokaci, kwana ɗaya zuwa biyu na danshi ya ishe ta ta kama. Ya shiga ƙarƙashin motar ya hura wa tiyon iska, ruwa ya kwararo da ɗan laka, shikenan asalin matsalar.

Sauran aikin wahala ce kawai ba wani kuɗi ba. Sai da ya cire kan batir tukuna ya jira kaɗan kafin ya taɓa kujerun gaba, saboda akwai wayar jakar iska a ƙasansu mai filogi rawaya, don Allah ka tabbata wanda zai yi maka ya san wannan. Aka fitar da kujeru, aka zare kafet ɗin gaba ɗaya, soson da ya ruɓe aka yanke aka zubar aka sa sabo, sauran aka wanke da omo aka baza a rana kwana biyu cur, muna shigar da shi in hadari ya haɗo. Ƙarfen ƙasan aka goge da ruwan khal da aka sirka da ruwa, aka bar ƙofofi huɗu a buɗe ya sha iska. Sannan filtar AC da ke bayan akwatin gaban mai zaman banza, ni ban ma san akwai ta ba, da ya zaro ta baƙa ƙirin har da busassun ganye. A yawancin Accord ma nan take, minti biyar ake canja ta, kuma da ƙurar hunturun da muke sha a nan gara a canja duk shekara. Ranar da aka mayar da komai na shiga na rufe gilashi na zauna, ba ƙamshi ba wari, iska kawai. Yarinyar ta daina tarin mota tun daga lokacin, alhamdulillah.

Amma tunda ka ce naka bayan ruwan sama ya fara, kar ka tsaya kan tiyon AC kaɗai. Buɗe but ka ɗaga safayar taya ka duba ramin, nan ruwa ke kwanciya mutum bai sani ba. Duba robar ƙofofi ko ta tsage. In motar tana da gilashin sama to yana da magudanai a kusurwoyinsa, su ma suna toshewa. Sai kuma ƙasan gilashin gaba wajen waifa, musamman in kana fakin ƙarƙashin darbejiya, ganyen kan cika wajen ruwa ya rasa hanya ya faɗa ciki. Hanya mafi sauƙi, kafin a mayar da kafet ka zauna ciki wani ya riƙa kwara wa motar ruwa da bokiti ta kowane gefe, da idonka za ka ga inda yake shigowa. In ba a toshe wajen ba duk shanyar da aka yi ta tashi a banza.

Ba ka tambaya ba amma zan faɗa. Ka yi hattara da mai gyaran da ko kafet bai ɗaga ba zai ce maka sai an sauke dashbod an canja kayan AC an sake gas, gas ba ruwansa da wari. Akwai kuma masu tallan wata 'yar na'ura da ake sakawa a ramin caja tana kunna shuɗiyar wuta su ce maka ozon ce tana kashe komai, kar ka ba da kuɗinka. Filta ma ka riƙe tsohuwar ka je da ita a gwada, don akwai masu ba ka wadda ba girmanta ba su ce a lanƙwasa ta shiga, iska sai ta bi ta gefe.

Wanda ya fi ci min rai shi ne na masu sayar da mota. 'Yan uwa masu shirin sayen Beljiyam, in kun shiga mota kun ji an cika ta da turare har yana hawa kai, ku tambayi kanku me ake ɓoyewa. A 2017 guguwar Harvey ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a Houston ta jihar Texas a Amurka, kuma irin waɗannan motocin ambaliyar gwanjonsu ake yi, wasu su tsallako mana nan an wanke an goge. Ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai shatin ruwa, leƙa ƙarfen da kujera ke tafiya a kai ko ya yi tsatsa, sa hannu ƙasan dashbod ko za ka taɓo busasshiyar laka, sannan ka duba lambar VIN, wato lambar shasin mota mai haruffa da lambobi 17, a intanet don ganin tarihinta. In Accord ɗin nan taka da warinta ka saye ta, gaskiya ka duba waɗannan ma.

Bayan an gama, in ka kusa isa gida da kamar minti uku ka kashe AC ka bar fanka tana hurawa don cikin ya bushe, kuma kar ka bar maɓallin juya iskar ciki a kunne kullum. Ni ina ɗaure gawayi a tsohuwar safa in tura ƙasan kujera, in ya kwana biyu in shanya shi in mayar. Kuma don Allah kar yaran wanki su haɗa maka Hypo da khal wai don ya fi ƙarfi, hayaƙin da ke tashi guba ne, balle a cikin rufaffiyar mota. Ka zaɓi ranar da gari ya washe ka kai motar da sassafe, kafet ɗin ya samu ranar yini guda.