Hajiya ta zo mini wankan jego a Jamus

Yaya, assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, da yara da babansu. Na san yanzu gida ya cika da 'yan sannu da zuwa, kuma Hajiya za ta ba ku labari da bakinta. Amma tun da muka dawo daga rakiyarta nake ta kai-kawo a ɗaki na rasa abin yi, har yanzu ƙamshin turarenta bai bar labule ba. Shi ne na ce bari in zauna in amsa miki tambayar da kika daɗe kina yi mini, wai me ya fi sauƙi a nan, me kuma ya fi tsada. Shekarata uku a birnin Kolon, amma ban iya ba ki amsa ba sai da na ga garin da idon Hajiya, don duk abin da ta taɓa sai ta tambayi kuɗinsa ta juya shi zuwa naira, a kan wajen 1,700 kowace Yuro a lokacin.

Zuwan nata ma aiki ne. Kin san da a gida ne ni zan tattara in koma wankan gida tunda haihuwar fari ce, a nan kuwa sai uwa ta biyo 'ya. Maigidana ya je ofishin baƙi da takardun albashinsa da na hayar gida, ya biya Yuro 29, ya sa hannu cewa ci da sha da kwanciya da duk abin da ya taso na Hajiya yana wuyansa. Biza Yuro 90, sai inshorar lafiya ta tafiya wadda dole ta iya ɗaukar ɗawainiyar Yuro 30,000. Kwana 90 kawai ake bayarwa, shi ya sa muka yi ta lissafi don kada ta zo da wuri kwanakin su ƙare kafin arba'in. Kuma kin tuna faɗan da muka yi a waya kan kilishi da man shanu? Wallahi ba rowa ba ce. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigowa da nama ko wani abu na madara daga waje, idan an gani a ƙwace, wani lokaci har da tara. Busasshen kifi an yarda da shi har kilo 20. Gero da kanwa da kuka da daddawa da yajin jego duk sun iso lafiya, Allah ya saka miki da alheri da irin ƙullin da kika yi musu.

Daga filin jirgin Frankfurt muka ɗauko ta a jirgin ƙasa mai gudu. Tafiyar ta ɗan ɗara Kano zuwa Zariya, amma ba mu cika awa ɗaya ba, don yana kai kilomita 300 a awa. Hajiya ta ajiye kofin shayi a kan teburi tana jiran ya zube, bai ko girgiza ba. Sai dai kada ki ɗauka komai na nan kan lokaci yake. Ranar da muka fita da ita wani gari kusa, jirginmu ya yi lattin minti 40, na bayansa aka soke shi, muka tsaya cikin iska mai ratsa ƙashi ba wanda za ka kama ka tambaya sai allo. A tashar mota ta gida ko ba komai akwai ɗan kamasho da zai ce miki saura mutum biyu.

Inda zan daɗe shi ne asibiti, don nan ne na ga bambancin da ya sa ni kuka. Tun cikin yana ƙarami aka ba ni ɗan littafi da ake rubuta duk awo a ciki, ina yawo da shi a jaka. Ranar haihuwa ba wanda ya ce a kawo safar hannu ko auduga ko a nemo jini, ba wanda ya ce a ajiye kuɗi kafin a taɓa ni. Kati kawai na miƙa. Amma ba kyauta ba ce, Yaya. Duk wata ana cire kuɗin inshora daga albashin maigidana tun kafin ya shigo hannunsa, sama da kashi 14 cikin 100 ne ake rabawa tsakaninsa da wurin aikinsa, ni da jaririya kuma muna ƙarƙashinsa ba ƙarin ko sisi. Kamar adashi ne na ƙasa baki ɗaya, mai lafiya yana zubi, marar lafiya yana ɗauka. Da na kwanta a gadon nan sai maƙwabciyarmu ta tsohon gida ta faɗo mini, wadda aka yi ta neman kuɗin aiki har lokaci ya ƙure. Allah ya ji ƙanta.

Bayan an sallame mu, ungozoma ce ke biyo ni har gida. Kwana goman farko tana iya zuwa kullum, daga nan jefi-jefi har mako 12, duk inshora ke biya. Ta auna jaririya, ta duba cibiya, ta duba ni, ta zauna ta ga yadda nake shayarwa. Matsalar ita ce sun yi ƙaranci, tun ina wata uku na fara buga waya, sai a ta bakwai na samu mai sarari. Haɗuwarta da Hajiya kuwa abin kallo ne. Ba mai jin yaren wata, ni ce tafinta. Da ungozomar ta ji batun ruwan wanka sai ta ce a rage zafinsa saboda ɗinki, kunun kanwa kuma ta roƙi a sassauta kanwar. Na zaci Hajiya za ta ji haushi, sai ta ce ai mai ilimi ce, a bi maganarta. Ita kuma da ta ga yadda Hajiya ke gasa mini jiki da tawul, take miƙe wa jaririya gaɓoɓi bayan wanka, ta ce yawancin matan da take zuwa wurinsu ba su da kowa sai miji, shi ma wani bayan mako biyu ya koma aiki. Ta ce in riƙe uwata da kyau. Wannan maganar ta zauna mini.

Darbejiya babu ita a ƙasar nan, da busasshen ganyen da kika sa a kaya muka lallaba. Ruwan zafi kuwa famfo kawai za ki murɗa, ba hura itace ba tukunya, wuta kuma tun da na zo ban ga an ɗauke ta ba. Amma kowane ɗigo a rubuce yake. Duk wata muna biyan wani abu na ƙiyasi, a ƙarshen shekara a karanta mita a yi lissafi, ko a dawo maka da canji ko a ce ka ciko. Da wanka safe da yamma kwana 40 da na'urar ɗumama ɗaki da ba mu kashe ba saboda Hajiya da jaririya, mun riga mun san ciko za mu yi, maigidana ya fara ware kuɗin. Ranar farko da ta kunna turaren wuta, ƙararrawar hayaƙi da doka ta sa a liƙa a rufin ɗaki ta ɗau kuwwa, jaririya ta tsorata, muka yi ta buɗe tagogi. Daga ranar sai a baranda take turara kaya ta shigo da su.

Kasuwa kuma ta kasu biyu. Abin da ƙasar ke yi da yawa, madara da fulawa da taliya da dankalin Turawa da burodi, idan kika auna da abin da mutum ke samu, araha ne sosai a manyan shaguna irin su Aldi ko Lidl. Abin da ranki ke so kuwa shi ne mai tsada. Doya ɗaya a shagon 'yan Afirka sai da Hajiya ta juya kuɗinta ta mayar da ita cikin kwali a hankali, ta ce a Dawanau da wannan sai ɗan dako. Kuɓewa ɗanya a ɗan ƙullin roba ake sayar da ita kamar magani. Nama muna saya wurin Turkawa a titin Keupstrasse da ke unguwar Mulhaim, halal ne, mai tsabta, amma Hajiya ta ce kajin nan ba su yi yawo ba, romonsu ba ya kama baki, kuma gaskiyarta. Abin da ya fi damunta shi ne rashin tayi. Kuɗi a rubuce, ki ɗauka ko ki ajiye, ba albarka ba gyara, mai karɓar kuɗi tana watso kaya da sauri ba ta da lokacin tambayar ki mutan gida. Abin da ya burge ta kuma shi ne robar ruwa. Kowace da ajiyar santi 25 a kanta, wato kwatan Yuro, idan kin shanye ki zura ta a inji ya ba ki takardar kuɗinki. Ta ce da za a yi haka a Kano da kwatoci sun huta. Har ta tafi ita ke tara mana su, ita ke kai su.

Amma abin da ya fi komai tsada a ƙasar nan hannun mutum ne. Mafi ƙarancin lada a doka a 2025 Yuro 12.82 ne a awa, saboda haka duk aikin da sai mutum ya zauna ya yi miki, kin shiga uku. Rage tsawon siket kawai ya kusa kuɗin ɗinkin atamfa a wurin telanki. Kitso sai an sa rana, a biya abin da zai yi cefanen mako. Mai gyaran famfo tun daga fitowarsa daga shago ake lissafi. Ba yaron aike, ba mai wanki da guga, ba mai markaɗe, ba almajirin da zai share tsakar gida. Kujera ta karye sau da yawa sabuwa ta fi gyara sauƙi. Ni na san daidai ne mai aiki ya ci guminsa, kuma na fara jin kunyar abin da muke ba masu yi mana wahala a gida. Amma sakamakonsa shi ne mace mai jego ita ce mai girki, ita ce mai wanki, ita ce mai raino. Ba don Hajiya ba ban san yadda zan yi ba.

Ita kuma abin da ya gallabe ta shiru ne. Ranar Lahadi shaguna a rufe suke sai na tashar jirgi da gidan mai da 'yan ƙananan shagunan unguwa, kuma ba a son hayaniya, haka daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Ta ɗauko ɗan turmi za ta daka yaji wata Lahadi, ba a yi minti biyar ba tsohuwar da ke ƙasanmu ta hau ta ƙwanƙwasa. Hajiya ta ba ta haƙuri da hannu, washegari ta sa ni na kai mata masa da miyar taushe. Bayan kwana biyu ga kwanon ya dawo da kek a ciki da 'yar safa da ta saƙa wa jaririya. Shekara uku muna gaisuwar matakala da matar nan ban san tana da jikoki a wani gari da ba ta gani sai sau biyu a shekara ba. Ga gajartar rana, a Disamba sai wajen takwas da rabi take fitowa, huɗu da rabi ta faɗi, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kamar ana kora su.

Sunan ma kin fi ni sanin rabinsa tunda a hannunki aka yanka ragon. A nan ba a yanka a gida, sai a mayanka mai lasisi. Tun a asibiti suka tambayi suna, muka ce sai ranar bakwai, ashe doka ta ba da wata guda a kai musu. Mu goma sha ɗaya ne a falo, da 'yan Gana biyu 'yan zango masu Hausa garau, da ɗan Kawu na Maraɗi da ya taso daga Brussels da iyalinsa, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba a jirgin ƙasa. Sai da kowa ya nemi hutu kafin ya iya zuwa. Da aka faɗi sunan Hajiya ta ji takwara aka yi mata, ta rufe fuska da mayafi.

Bayan arba'in muka ɗan zaga da ita. Ta ga babbar majami'ar garin mai tsawon mita 157, wadda aka fara a 1248 ba a gama ba sai 1880, ta ce masu haƙuri ne. Ranar Juma'a muka je babban masallacin unguwar Ehrenfeld, inda tun Oktoban 2022 aka yarda a yi kiran sallar Juma'a da lasifika na 'yan mintuna. Wata biyu ba ta ji kiran salla ba sai a waya. Ta tsaya cak a harabar hawaye na zuba, ni ma ban iya riƙe nawa ba. Sai garin Bon, rabin awa daga nan, da tikitin wata, wanda yake Yuro 58 a 2025, da ke shiga bas da jiragen kusa a duk faɗin ƙasar. Ita ta roƙa a kai ta ta ga gidan rediyon Jamus, wanda yake nan Kolon kafin ya koma can a 2003. Ta tsaya a bakin ginin kusa da kogin Rhine ta ce a ɗauke ta hoto a kai wa Baba, shekara nawa yana murɗa akwatinsa bayan asuba yana jin sunan garuruwan nan.

A jakarta mai ruwan toka akwai takalman makaranta na yara da rigunan sanyi, da na'urar awon hawan jini, ki riƙa auna ta safe da yamma kina rubutawa a littafin da na sa a ciki. Man zafin na Baba ne. Cakulan ki raba har gidan Inna. Idan kin ji mai tahowa bayan salla, kuka da daddawa sun kusa ƙarewa, kuma ki sa tela ya ɗinka wa takwarar Hajiya 'yan riguna na wata shida zuwa tara, ya sake su kaɗan don ana sa wata a ciki. Ki gaida Baba da kyau, ki ce masa zan kira ranar Juma'a bayan an sauko.

Ƙanwarki.