Gawo ko kuka: wanne za a shuka da ƴan lakwal?

Malama, kin tambaya tsakanin gawo da kuka wanne ya fi sauƙin reno a aji da ƴan CE2, wato aji huɗu na firamare. Amsarmu: kuka don aji, gawo don darasin gona.

Dukansu ƙwayarsu tana da ɓawo mai tauri, sai an taimaka mata. Ta gawo, a ɗan tsaga gefenta da abin yanke farce, ta kwana a ruwa, cikin mako guda ko biyu ta fito. Yara ma suna iya tsinto ta a cikin kashin awaki, cikin akuya ya riga ya tausasa ta. Ta kuka ta fi gardama. A wanke garin tas, a goga bayanta a siminti har fari ya ɗan leƙo, a jiƙa kwana ɗaya. Duk da haka ba ta fitowa tare, wata sai ta haura wata guda. Ki sa ƙwaya 2 a kowane mazubi, kada wani yaro ya tashi hannu banza.

Ƙasa iri ɗaya ce: rairayi kashi 2, ruɓaɓɓen taki kashi 1. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa.

Saiwa ce ke raba su. Gawo yana tura saiwa ƙasa tun kansa bai kai yatsa ba. A ledar fiyawata takan naɗe ko ta huda ta kama ƙasa, ranar ɗagawa ta tsinke. Sai gorar roba ta lita 1.5 da aka yanke wa kai aka huda gindi, a riƙa gusar da ita duk mako biyu. Ga kuma ƙaya. Kuka tana tara ruwa a saiwarta, tana jure Asabar da Lahadi ba ban ruwa, abin da duk mai sayen ruwan garuwa a Damagaram cikin bazara zai yaba. Yawan ruwa ke ruɓar da ita, yara kuwa kowa so yake ya zuba. Ki naɗa mai ban ruwa ɗaya kullum.

Kada shukokin su zauna cikin ɗaki, za su yi tsawo su rame. Baranda mai ranar safe ta fi, a kewaye da ƙaya saboda awaki.

A shuka a Maris. Ranar dashen itace ta ƙasar Nijar, 3 ga Agusta, tana faɗowa cikin babban hutu, don haka kowane yaro ya tafi gida da nasa a Yuni. Gawo kuwa, a kai yaran gonakin Mirya ko Matamaye da damina su ga gero a gindinsa bayan ya zubar da ganye.