Abin da mai shan maganin damuwa zai duba kafin ya kashe kuɗi a kan ciwon muƙamuƙi

A mako na huɗu da fara shan sertraline, maganin da likitan ƙwaƙwalwa ya rubuta mini saboda ciwon damuwa, na fara tashi da asuba muƙamuƙina a ƙage kamar wanda ya kwana yana taunar ganda. Maiɗakina ce ta fara lura cewa ina niƙa haƙora cikin barci har ƙarar tana tashinta. Daga baya ciwon ya tare a gaban kunne, daidai inda ƙashin muƙamuƙi yake haɗuwa da ƙoƙon kai, kuma duk lokacin da na yi hamma sai in ji wani ƙas. Na sayi abubuwa da dama kafin in dace da wanda ya yi mini amfani.

Damuwar kanta tana sa mutum ya riƙa cije haƙora dare da rana bai sani ba, kuma wasu daga cikin magungunanta suna ƙara abin. Waɗanda aka fi ambata a rahotannin likitoci su ne fluoxetine da sertraline da venlafaxine, kuma galibi cizon yakan bayyana cikin mako 3 zuwa 4 da fara maganin ko ƙara yawansa. Saboda haka, kafin a sayi komai, a koma wurin likitan da ya rubuta maganin, ko a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ake ganinsa, ko a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da Maiduguri. Yana iya rage yawan maganin, ko ya canza shi, ko ya ƙara wani kamar buspirone. Abin da bai kamata ba shi ne mutum ya yanke maganin da kansa, domin jiri da tashin zuciya da rashin barci za su biyo baya, damuwar kuma tana iya dawowa. Wannan shi ne garin gyaran gira a rasa ido.

Abu na farko da na saya shi ne robar nan mai laushi da ake tallata ta a intanet, wadda ake tsomawa a ruwan zafi a cije ta don ta ɗauki siffar haƙora. Araha ba ta ado. Ta yi mini kauri a baki, ta goge mini dasashi har ya yi ja, kuma saboda laushinta bakina ya mayar da ita cingam, na riƙa tashi da ciwon da ya fi na da. Sau biyu ina tsintar ta a ƙarƙashin matashi da safe. An ƙera irinta ne don 'yan dambe da 'yan wasa su kare haƙoransu daga naushi na ɗan lokaci. Akwai kuma wata ƙarama da take rufe haƙoran gaba kawai, wadda idan aka daɗe ana sa ta ba tare da kulawar likita ba tana iya sauya yadda haƙoran sama da na ƙasa suke haɗuwa.

Wadda na tsaya a kanta, kuma ita nake nuna wa duk wanda ya tambaye ni, ita ce mai tauri wadda likitan haƙori yake aunawa a bakin mutum. Yakan fara da duba haƙora da dasashi, ya danna naman kumatu da gefen goshi don ya gane ko ciwon daga tsoka yake ko daga mahaɗar ƙashin, sannan ya auna iya buɗewar baki. Bayan haka sai ya cika wani ɗan cokali mai siffar baka da wani abu kamar kwaɓaɓɓen gari, ya danna shi a haƙora na 'yan mintoci, ya aika da zubin wurin masu haɗa haƙoran roba. Ranar da na je karɓa, ya sa mini ita, ya ba ni wata siririyar takarda shuɗiya na cije, sannan ya bi duk inda shuɗin ya yi yawa yana gogewa da injinsa, ya maimaita har sai da kowane haƙori na ƙasa ya sauka a kanta daidai da ɗan'uwansa. Wannan gyaran shi ne abin da ake biya wa kuɗi, kuma babu robar kanti da za ta ba da shi. Tana rufe haƙoran sama gaba ɗaya, tana kama su da kanta, samanta kuma sumul yake, ta yadda muƙamuƙi yake zamewa a kai maimakon ya sami abin taunawa.

Ba ta hana cizon haƙora kwata-kwata, kuma ba kowa ne ciwonsa yake raguwa da ita ba, amma tana kare haƙora daga cinyewa da tsagewa, ni kuwa ƙagewar asuba ta yi mini sauƙi sosai. Da dare kawai ake sa ta, sai dai idan likita ya ce a yi akasin haka, kuma da ruwan sanyi ake wanke ta, domin ruwan zafi yana lanƙwasa ta. Kafin a biya, a tambaya ko mai tauri ce, ko za ta rufe dukkan haƙoran, sannan ko kuɗin ya haɗa da komawa gyara sau biyu ko uku, saboda a nan ne ake yawan samun saɓani. A kuma roƙi likitan ya duba ko akwai rami a haƙori, tunda magungunan damuwa da yawa suna busar da miyau, baki busasshe kuwa ya fi saurin ruɓewar haƙori.

Allurar Botox, wadda ake yi a tsokar muƙamuƙi don ta saki, tana da tsada kuma aikinta yakan gushe cikin wata 3 zuwa 4. Tiyata ta mutane ƙalilan ce da mahaɗar tasu ta lalace. Wanda kuwa ya ce zai goge haƙoranka na asali don ya daidaita su, ka gode masa ka tashi, domin abin da aka goge ba ya dawowa. Gasa wurin da tsumma mai ɗumi, da barin goro da kilishi da aya da rake na wani lokaci, da sabawa da rufe leɓe ba tare da haƙora sun taɓa juna ba, duk kyauta ne kuma suna taimakawa.

Inda na fi jin tsoro shi ne kemis. Ibuprofen da diclofenac suna rage ciwon, amma haɗa su da irin su sertraline yana ƙara haɗarin zubar jini a ciki, musamman ga mai olsa, don haka paracetamol ya fi aminci. Amitriptyline kaɗan da dare magani ne da likitoci suke ba da shi don irin wannan ciwo, sai dai magungunan damuwa irin su fluoxetine da paroxetine suna sa ya taru a jini, shi ya sa ba a shansa sai da sanin likitan ƙwaƙwalwa. Ni wani yaron kemis ya ƙulla mini ƙwayoyi huɗu a leda ba tare da kwali ba, bai tambaye ni ko ina shan wani magani ba. A daren na yi ta karkarwa da gumi, zuciyata tana bugawa kamar za ta fito, sai washegari aka gane akwai tramadol a ciki. Haɗa tramadol da magungunan damuwa irin su sertraline yana iya kawo rikicewar hankali da zazzaɓi da jijjiga irin ta farfaɗiya, har ma ya kai ga rasa rai. Tramadol mai ƙarfin miligiram 225 da ake sayarwa a ɓoye ba shi da izini a Najeriya, na 50 da na 100 ne aka amince da su, su ma sai da takardar likita. Diazepam da ake ba mutane wai don jijiya ta saki yana kama jiki cikin 'yan makonni.

Maganin damuwar kansa ana iya samun na jabu ko wanda rana ta lalata, kuma wanda ya faɗa a kansa zai ga damuwarsa ta dawo ya ɗauka jikinsa ne ya ƙi magani. Lambar NAFDAC a kwali wajibi ce amma ana ƙirƙirar ta, don haka idan kwalin yana da wurin kankarewa, a kankare a tura lambar ta saƙon waya tun ana gaban mai sayarwa. A guji duk haɗin da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, da masu tallar warkar da muƙamuƙi cikin kwana uku a Facebook, da masu cire haƙori a bakin kasuwa, waɗanda sukan cire lafiyayyen turmi su bar ciwon inda yake. Likitan haƙori na gaskiya yana da rajista da hukumar likitoci ta MDCN, kuma ba ya jin haushi idan an tambaya. Idan baki ya kasa ɗaukar yatsu uku a tsaye, ko fuska ta kumbura da zazzaɓi, ko muƙamuƙi ya sandare bayan wani rauni, ko ciwon ya zo tare da ciwon ƙirji, asibiti za a nufa a ranar, da kwalayen duk magungunan da ake sha a hannu.