Kafson ido na AREDS2: yana da amfani amma ba na kowa ba ne

Salam ƴan uwa. Tunda mutane sun dame ni da tambaya a kan kafson nan da muke saya ma Baba, bari in faɗi abin da na gani. Sunan haɗin AREDS2, kamfanoni da yawa ke yin shi, ni dai haɗin nake dubawa a jikin kwali. Bitamin C 500 mg, bitamin E 400 IU, zinki, jan ƙarfe 2 mg, lutin 10 mg da ziyazantin 2 mg. Mu namu biyu ake sha a rana, safe da dare.

Baba matsalarshi DMLA ce, wato lalacewar tsakiyar ido da tsufa ke kawowa, haka dokta ya rubuta a takarda bayan an ɗiga mishi maganin da ke buɗe ido an leƙa can ciki. Tsakiyar gani ce ke lalacewa, wajen da ake kira makula, ɗan wuri ne da bai wuce milimita 5 zuwa 6 ba a bayan ido amma da shi ake karatu da gane fuska. Shi ya sa za ka ga shina tafiya masallaci daga unguwar Birni shi kaɗai ba mai ja mishi sanda, amma layin Alƙur'ani ya lanƙwashe mishi, ka zauna gabanshi sai ka yi magana ya gane ka. Idon hagu ya riga ya yi nisa, na dama muke ta ƙoƙarin karewa.

Abin da ya sa na yarda da kafson shi ne na fahimci inda ciwon ke farawa. Ƙwayoyin halittar da ke kama haske ba su iya riƙe kansu, akwai wasu a bayansu shimfiɗa ɗaya tak masu duhun launi da ke musu hidima. Su ke ɗauko sukari daga jini su miƙa musu, su kuma su rayu da ragowar da waɗancan suka fitar da kitse, kamar uwar da ke ba yara tuwo ita ta ci ƙanzo. Kuma kullum ta Allah sai sun haɗiye tsofaffin kawunan masu kama hasken, wajen kashi 10 cikin 100 a rana, sun narkar, sannan su sabunta bitamin A su maida don gani ya ci gaba. Ga haske, ga iskar oksijin mai yawa a jinin wajen, ga shekaru, kuma ba irin waɗanda ke sake haihuwa ba ne in sun mutu. In suka gaji sai shara ta fara taruwa ƙarƙashinsu, ɗigo-ɗigo rawaya da dokta ke ce ma druzen, wani lokaci ma su fara cinye sukarin da ya kamata su miƙa, masu kama hasken su shiga yunwa su mutu. Wallahi ranar da na gane wannan tausayin tsohon ya kama ni, ashe abin ya daɗe shina cin shi a ɓoye.

To aikin kafson rage ma ƙwayoyin nan wahala ne. Cibiyar ido ta gwamnatin Amurka ce ta yi binciken, sakamakon farko a 2001 ya nuna ragin kusan kashi 25 cikin 100 na haɗarin ciwon ya kai matakin ƙarshe cikin shekara 5, ga waɗanda nasu ke tsaka-tsaki ko ido ɗaya ya riga ya tafi. Na biyu ya fito a 2013, nan ne aka sa lutin da ziyazantin a maimakon beta-karotin don an ga shina ƙara haɗarin kansar huhu ga masu shan taba har da waɗanda suka daina. Baba ya sha sigari shekaru da yawa, don haka don Allah ku karanta kwali, tsohon haɗin har yanzu shina yawo.

Mi muka gani? Gani bai dawo ba, kuma dama ba a yi mana alkawarin haka ba. Amma a kontrol na baya dokta ya ce na dama bai ƙara lalacewa ba, alhamdulillahi, ko kafson ne ko barin taba ko duka, mun gode Allah.

Abubuwan da ban so ba: tsada, ga shi ba kowace farmasi ke da shi a Damagaram ba, wani lokaci sai an yi sautu daga Yamai ko Kano. In aka sha ba a ci abinci ba zinkin na tada zuciya. Kuma zafin garin nan na sa kafson ya manne da juna, mu kusa da randa muke aje shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu sayar da shi kamar maganin kowane ciwon ido. Ba ya maganin yanar ido, ba ya maganin hawan jinin ido, ba ya maganin ɓarnar ciwon suga, kuma a wajenmu waɗannan sun fi DMLA yawa nesa ba kusa ba, ita ta fi kama Turawa. Mai lafiyar ido ma ba a nuna shina kare shi ba, ya ci zogale da alayyafo da ƙwai ya bar taba ya riƙe kuɗɗinshi. Sai an duba an ce DMLA ce kuma ta kai matakin, sannan a saya, a kuma gaya ma dokta in ana shan maganin tsinka jini.

In kuma layi ya lanƙwashe farat ɗaya ko duhu ya faɗo tsakiya cikin ƴan kwanaki, wannan DMLA mai tsiyayar ruwa ce, jijiyoyin jini sabbi ne ke yoyo, allura ake yi cikin ido kuma jinkiri na cin gani, a bar zancen kafso a kai mutum wajen likita ranar.