Kyandir mai ƙamshi da nake saye a Kano, da aikin da kwalabensa suke yi min bayan ya ƙare

Kyandir na farko ba da kuɗina na saya ba. Ƙanwar maigidana ce ta kawo min cikin kayan barka lokacin da na haifi autata, a ɗan farin kwali an ɗaure da zare. Ta ce, "Anti, wannan ba na ɗauke wuta ba ne, na ƙamshi ne. Ki kunna da daddare in yara sun yi barci." Ni da na tashi a gidan da ba a yin magariba sai an ɗibo garwashi a kasko an zuba turare, na yi godiya na ajiye shi gaban madubi. Ya yi wata biyu a wurin. Ranar da na kunna shi kuwa, bayan isha'i ina zaune a kan keke ina ƙarasa ɗinkin wata amarya, sai na ji ɗakin ya ɗauki ƙamshin oud a hankali, babu hayaƙi, babu tari. Washegari na nemi lambar mai yin sa.

Wata baiwar Allah ce a nan Kano, a gida take haɗawa. A Instagram take tallata kayanta, a yi ciniki ta WhatsApp, ta ba ɗan adaidaita sahu ya kawo. Daga lokacin zuwa yau na sayi guda shida a hannunta, har da na barkar sun zama bakwai. Abin da ya sa na ga ya dace in yi bayani shi ne, kyandir ɗin nan ba araha ba ne, kuma na gane cewa kaso mai tsoka na kuɗin da ake biya na kwalbar ne. Kakin zai ƙone ya ƙare cikin 'yan makonni. Kwalbar ce za ta zauna da ke. Saboda haka ni yanzu da kwalba nake auna kyandir kafin in shinshina shi.

Iri uku take yi. Akwai babba mai lagwani uku, gilashi garau mai kauri, da murfin katako mai zoben roba a ciki. Akwai matsakaici mai ruwan ƙasa, kalar kwalbar magani, murfinsa na ƙarfe ne da ake murɗawa, lagwani ɗaya. Sai ƙarami wanda aka yi wa farin fenti da zanen ruwan gwal, ba shi da murfi. Ƙaramin ya fi kyau a hoto, shi ne ma ake yawan saye don rabo a biki, kuma shi ne wanda ba zan sake saye ba. Zan zo kansa.

Ta fuskar ƙamshi, na oud ɗinta ba shi da na biyu a cikin kayanta: yana cika falo ba tare da ya hau kai ba. Na fanila ya yi min zaƙi da yawa, kamar an zauna a ɗakin da ake gasa kek. Na lemun tsami kuma sai kin matso kusa. Kada wata ta saya da tunanin zai maye mata turaren wuta. Ba ya kama kaya, ba ya kama labule, in kin kashe shi da awa ɗaya ƙamshin ya tafi. Aikinsu daban.

Ta gaya min da kakin waken soya take yi, wato man waken da aka sarrafa ya daskare, ba irin farin kyandir na kanti da ake samu daga tace man fetur ba. Na yarda da ita, don hannu ma yana gane bambancin: wannan yana da laushi, farce yana shiga. A wajen digiri 50 yake narkewa, shi ya sa a zafin Afrilu, lokacin da Kano ke haura digiri 40, za ki ga saman kyandirin ya yi gumi, ɗigo-ɗigon mai sun fito. Na farko da na gani na ɗauka ya lalace ne, ta ce in goge da tishu in kawar da shi daga taga. Laushin nan kuma shi ne alherinsa a wajen wanki, don ruwan zafi da sabulu suna fitar da shi tas.

Babban bai taɓa ba ni matsala ba. Lagwanin uku suna narkar da saman gaba ɗaya, yana sauka daidai har ƙasa. Matsakaicin ne ya ɓata min rai. Ta ja min kunne cewa kunnawar farko in bar shi sai duk saman ya narke ya taɓa gefe, kada in wuce awa 4, kuma kafin kowace kunnawa in datse lagwanin ya rage kamar tsawon ƙwayar shinkafa. Duk na yi. Amma wutar ta haƙa rami a tsakiya kamar rijiya, ta bar kaki manne a bango, kusan kashi ɗaya cikin uku bai ƙone ba. Lagwanin ne ya yi wa faɗin kwalbar ƙanƙanta. Na ɗauki hoto na tura mata. Ta yi kwana biyu ba ta amsa ba, wannan kuma halinta ne, amsa saƙo yana mata wuya. Da ta amsa ba ta yi gardama ba, ta ce, "Hajiya ki yi haƙuri, laifin lagwanin ne, na riga na canza." Ta rage min kuɗi a saye na gaba, kuma wanda ta aiko bayan nan ya ƙone daidai.

Wani abin da nake so ta gyara: ba ta rubuta komai a jikin takardar sai sunan ƙamshi. Yayata ta taɓa zuwa da na kamfanin Bath & Body Works mai lagwani uku daga tafiya, a jikinsa an rubuta giram 411, a ƙasansa ga gargaɗi kan yadda za a kunna. Na wannan baiwar Allah babu nauyi, babu gargaɗi. Wadda ba ta tambaya ba, ba za ta san cewa in kakin ya rage kamar faɗin yatsa a daina kunnawa ba, don daga nan wuta na dukan gindin gilashin kai tsaye, yana iya fashewa a kan tebur.

To, in ya kai nan, sai aikin fitar da ragowar. Hanya biyu na gwada. In akwai wuta tsayayya, na sa kwalbar a firiza ta kwana. Da safe za ki ga kakin ya tsuke ya saki gefe, har wani siririn layi yake bari tsakaninsa da gilashin. Na sa bayan cokali na danna gefe ɗaya, sai ɗaya gefen ya ɗago, ya fito a dunƙule kamar waina, da ɗan ƙarfen da ke riƙe lagwani maƙale a ƙasansa. In babu wuta, ruwan zafi. Na fara ɗauraye kwalbar ta waje da ruwan ɗumi don ta saki sanyi, in ɗora ta a kan tsumma, in zuba ruwan da ya ɗan huce daga tafasa, in bar sarari a sama. Kina tsaye za ki ga kakin yana tasowa daga ƙasa ƙwallo-ƙwallo kamar mai a kan miya. Bayan awa uku ko huɗu ya daskare a sama, ki ɗauke da hannu. Ruwan nan kada a zuba a sinki ko makwarara, kakin zai daskare a cikin bututu ya toshe shi. Ni ina tacewa da tsohon tsumma in watsa a ƙasa bayan gida.

A nan ne ƙaramin mai fenti ya nuna halinsa. Guda biyu gare ni. Na farko, da sanyin safiya a tsakiyar hunturu na zuba masa ruwan zafi, na ji ƙas, ya tsage daga baki har gindi, ruwa da kaki suka malale a kan kanta. Gilashinsa siriri ne, fentin ne ya ɓoye sirantakar. Na biyun na bi shi a hankali bai fashe ba, amma da soso ya taɓa shi fentin ya fara saɓulewa fale-fale, zanen gwal ɗin ya bi ruwa. Yanzu yana nan dabbare-dabbare, ashana nake ajiyewa a ciki a kicin. Babban da mai ruwan ƙasa kuwa ko gezau. Baƙin hayaƙin bakinsu omo da soso ya ɗauke, takardar jiki na shafa mata man gyaɗa ta kwana, da safe ta fita har da danƙon.

Ragowar kakin ma ba na yarwa. Duk mai ɗinki ta san zif in ya yi taurin kai, ana goga masa kyandir ya saki. Ina da dunƙule ɗaya a aljihun keke don haka, zaren da nake ɗinka duwatsu da shi ma ina ja ta kansa don kada ya riƙa harɗewa. Sauran na ɗaure a ƙyalle na jefa cikin durowar zannuwan gado.

Innata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa yar da abu mai murfi ba. Gwangwanin Nido na garin kunu ne, kwalbar Bama ta yaji ce, ƙaramin gwangwanin madara shi ne ma'aunin gishiri. A kan haka na tashi, shi ya sa da na ga babbar kwalbar nan ta fito fes tana ƙyalli, kicin na fara nufa da ita. Na zuba citta da kanumfari na shayi. Bayan mako guda maigidan ya kurɓi shayi ya ajiye kofi, ya ce, "Yau kuma turare kika sa mana?" Gilashin ya wanku, amma zoben robar da katakon murfin sun riga sun sha oud, sun mayar wa kayan. Na zubar da su. Tun daga ranar ba na sa abin da za a kai baki a ciki, ko da an wanke sau goma. Ba don abinci aka yi su ba, kuma turaren kyandir ba na ci ba ne. Yaji ya koma kwalbarsa ta gado.

Inda suka sami gidansu na gaskiya shi ne turaren wuta. Maƙwabciyata 'yar Maiduguri ce, dattijuwa, ita ke haɗa min turare duk bayan 'yan watanni. Da ta shigo ta ga kwalbar a kan tebur, ta ɗauka ta juya ta, ta danna murfin ta ji yadda ya kama, ta ce, "'Yata, wannan ai ta turare ce. Roba tana shanye shi, kwalba ce ke tsuma shi." Ta koma gida ta dawo da haɗin sandal da hawi, yana danƙo da suga da turare, muka ɗura. Bayan wata ɗaya da na buɗe, ƙamshin ya fi na ranar da aka zuba nauyi, itacen bai bushe ba. Ɗan oud da ya rage a murfin, wanda ya ɓata min shayi, a nan ya zama ƙari. Yanzu manyan guda biyu na turare ne, suna jere gaban madubi, duk wadda ta shigo sai ta tambayi inda na sayi kwalaben. Abu ɗaya dai: ajiya ce kawai. 'Yata babba ta taɓa ɗauko wadda babu komai za ta sa garwashi a ciki, na tare ta. Gilashi ba kasko ba ne.

Masu ruwan ƙasa guda biyu ne. Ɗaya man kaɗanya na narka na ɗura a ciki don hunturu, duhun kwalbar yana kare shi daga haske, murfin murɗawa kuma ba ya barin ƙura ta shiga ko da an yi hazo. Ɗayar garin lalle ce. Babbar ta uku tana kan teburin ɗinki cike da maɓallai, kuma wannan ta rage min wahala ba kaɗan ba, don da a leda suke, sai na zazzage duka kafin in sami kalar da nake nema. Yanzu juya kwalbar kawai nake yi in hango. Kafin maɓallan na ɗan raini reshen fulawa a ruwa a cikinta a bakin taga, ya yi saiwa da kyau, amma dole a canza ruwan duk bayan kwana uku, in ba haka ba sauro ya sami wurin ƙyanƙyasa. Da damina ta kama na mayar da shi tukunyar ƙasa.

Kwanakin baya na gaya wa mai kyandirin duk wannan, har na tura mata hoton jeren. Sai ta ce ai tana karɓar kwalba ta sake cikawa a farashi ƙasa da na sabo, kawai ba ta tallata ba ne. Manya da masu ruwan ƙasa kaɗai take karɓa, kuma sai ta ɗaga kowace a haske ta duba, in akwai tsaga ko ƙanƙanuwa ce ba ta zuba kaki a ciki. Masu fenti ba ta karɓa. Na ce mata, "To Anti, tunda ke ma kin san halinsu, ki daina yi da su mana." Ta ce masu biki ne ke nema. Na ce aƙalla ta gaya musu kada su sa musu ruwan zafi, ta ce in sha Allah za ta sa a takarda.

Wadda za ta saya, ta ɗauki babban na oud. In kuɗin bai kai ba, mai ruwan ƙasa, amma ta tambaya ko sabon lagwani ne. Ni dai na kwashe maɓallan na mayar da su wani gwangwani na ɗan lokaci, na wanke kwalbar na naɗe ta a tsohon atamfa, gobe ɗan sahun zai biyo ya kai mata ta cika min kafin salla.